Aibin Kayana da Bakina

Asabar, 7 ga Oktoba

Na koma ajin Turancin nan karo na biyu. Kuma na ƙarshe. In na sake faɗuwa jami'a ta ba wani gurbina, digirin kasuwanci sai a mafarki. Shekara ashirin da biyu ina sayar da busasshen kifi da budu, romon kifin nan mai gishiri, a kasuwar Kota Bharu. Na yi ciniki da Bature, na yi da Bajapane, ba wanda ya tafi hannu wofi. Amma wai Turancina bai kai na jami'a ba. To.

Asabar, 14 ga Oktoba

Madam Leong, malamarmu, ta ce kowa ya zaɓi batu ya kare shi a shafi biyar, shi ne rabin maki. Na ɗauki wanda ke cin ranmu: kada a tashe mu zuwa sabuwar kasuwar bayan gari. Wannan ko daga barci aka tashe ni.

Talata, 17 ga Oktoba

Mek Jah ta rumfar kusa: "Farfesa, kifin ma da Turanci za ki yi masa kuɗi?" Ita da ko sunanta sai an riƙe mata hannu.

Asabar, 28 ga Oktoba

Takardata ta dawo, jan biro kamar an yanka kaza a kanta. Ba ma Turancin ta kama ba. Cewa ta yi, "Kak Zaharah, dalilanki tara, duk masu kyau. Ina na masu son a tashi?" Na ce su rubuta nasu mana, hannunsu ne ya karye? Ta ce a'a, ni zan kawo hujjarsu mafi ƙarfi da kaina, sannan in faɗi inda tawa ke da rauni.

Na dube ta. Na ce, "Madam, kin taɓa ganin mai kifi ta ɗaga shi sama ta ce jama'a ku zo, na shekaranjiya ne?" Yaran ajin suka fashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Wai mai karatu ba mai saye ba ne. Kowa mai saye ne, baiwar Allah! Ke ce dai ba ki taɓa tsayawa a rumfa ba.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Na yi mata dabara. Na rubuta cewa masu son a tashi suna cewa sabon ginin fentinsa ya fi kyau, sai na rushe su a layi biyu. Ta rubuta a gefe: "Wannan ce mafi ƙarfi? Kin tabbata?" Matar nan da a kasuwa take da ta tsiyata mu duka.

Kuma wai mutum talatin da na rubuta cewa na tambayi ra'ayinsu, su wane ne? 'Yan layinmu mana. Wa zan tambaya, kifin?

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Ba zan rubuta ba. In miƙa wa 'yan majalisar gari masu son tashinmu sandar dukana da hannuna? Allah ya sawwaƙe.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Ruwa kwana uku ba ɗagawa. Da safe na tarar da shi har gwiwa a layinmu, kwata ta dawo da duk abin da aka ba ta tun bara. Buhu biyu na ƙananan kifi sun sha. Mek Jah a kan benci, zani a tattare, tana zagin kowa har da kakannin wanda ya gina wurin. Duk shekara haka ne, kowa ya sani. Ba dai ma faɗa a gaban baƙo.

Sabuwar kasuwar a kan tudu take. Na rubuta a nan ne kawai, ba mai gani.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Na miƙa. Sakin layi guda na ba masu son a tashi, ruwan da kwatar, har da cewa 'yan layinmu kaɗai na tambaya. Ji na yi kamar na tuɓe ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Sannan na ce a gyara kwata, kada a tashi mutane. Abin haushin ma, nan ne takardar ta fi daɗin karantawa.

Asabar, 9 ga Disamba

Na ci. Ba da yawa ba, amma gurbina na nan. Ta ce, "Sai da kika faɗi ruwan na yarda da sauran." Har yanzu ina ganin tsarin banza ne.

Lahadi, 10 ga Disamba

Wata mai gidan abinci ta sa hannu a buhun da na sake shanyawa. Kafin in ankara bakina ya ce, "Wannan ya sha ruwa, Hajiya, ga mai kyau can." Ta daɗe tana kallona, ta ɗauki mai kyan, ta karɓi lambata.

Mek Jah ta ce jami'a ta lalata ni. Na ce dabara ce sabuwa, ba za ta gane ba.

Dabara ce. Ina jin.