Na Ɗauki Muryar Inna a Ɓoye, Yanzu Baba Yana Son Ya Ji Ta

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana da lambata. Ina kuma roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, kuma da gaggawa.

Ni saurayi ne a Madarunfa, sana'ata gyaran rediyo da salula. Amma abin da ya shiga raina tun ina lakwal, wato firamare, shi ne sauti. Ban iya waƙa ba, ban iya kalangu ba. Abin da nake yi shi ne in ɗauki ƙarar abubuwa in harhaɗa su har su zama kiɗa: kukan kwaɗi a bakin tabki, ƙarar ƙafar amalanken jaki idan ta rasa mai, ruwan sama a kan kwano, injin niƙa idan yana shirin mutuwa. Kayan aikina ba wasu kaya ba ne. Tsohuwar rediyo ce mai kaset da na tsinta a gwanjo a Maraɗi, sai makirfo da na haɗa da kaina daga matacciyar salula na cusa a gwangwanin tumatir, sai kwalayen ƙwai da na liƙa a bangon ɗakina don kada sauti ya riƙa dawowa. Nakan yanke zaren kaset da reza, in liƙe baki da baki, ya yi ta zagayawa yana maimaita abu ɗaya, sannan in kwashe a salula in ɗora wani a kan wani. Wata rana batir ya yi sanyi ina cikin saurare, kaset ɗin ya rage gudu, sai na ji kukan zakara ya koma kamar rurin sa. Tun daga ranar nake ajiye batira masu sanyi kamar wata dukiya. Mutum ɗaya ne ya san abin da nake yi, abokina tun na koleji, bari in kira shi Iliya. Kirista ne, shi ke kaɗa piyano a cocinsu a Maraɗi, shi ya ba ni tsohon piyanonsa na lantarki da wasu maɓallan suka mutu. A gida kuwa Baba ya ɗauka rediyoyin mutane nake gwadawa.

Yanzu ga inda matsalar take. Mahaifiyata, Inna, kafin ta yi aure zabiya ce a ƙauyensu can wajen Gabi. Ba a gidanmu na ji wannan ba, wata gwaggona ce ta gaya mini ina yaro, ta ce idan Inna ta buɗe baki a gidan biki har masu tuwo sukan bar tukunya ta ƙone. Baba mutum ne mai riƙo da addini, ya gan ta ya so ta, ita ma ta so shi, amma a gaban manya ya ce ranar da muryarta ta sake fita waje da waƙa, to a bakin aurenta. Ta yarda. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta rera ko da waƙar rarrashin jariri ba. Na ɗauka ma ta manta.

Da kakar bana, ranar nan Baba ya tafi ta'aziyya Safo, ƙannena suna lakwal. Na ce wa Inna zan je Ɗan Issa sayen kayan gyara, sai babur ya ƙi tashi, na fasa, na koma ɗakina ta ƙofar zaure ba ta gan ni ba. Dama tun da safe na rataye gwangwanina a rumfar tsakar gida, ina son ƙarar ɓarar gyaɗar da Inna ke yi a wurin, wannan ƙas-ƙas ɗin da ɓawo ke yi. Na danna ɗauka na zauna. Can sai na ji wani abu a ƙarƙashin ƙarar gyaɗar, kamar mutum yana gyara murya. Sai Inna ta fara waƙa. Jama'a, ban san yadda zan gaya muku ba. A hankali take yi, kamar mai tsoron kada bango ya ji, tana kiran mahaifiyarta da ta rasu, tana cewa gulbi ya kawo ruwa ya raba ta da hanyar gida. Tsigar jikina ta tashi. Matar da na sani da “ka ci abinci?” da “rufe ƙofar nan”, ashe wannan ce a cikinta duk shekarun nan? Yatsana yana kan maɓallin tsayarwa. Na san abin da ya kamata in yi. Wallahi na sani. Ban danna ba, sai da kaset ya ƙare da kansa.

Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Amma na kasa barin kaset ɗin. Na sa masa batir mai sanyi, muryar ta yi ƙasa ta yi kauri ta koma kamar ta wani dattijo. Na shimfiɗa kwaɗin tabki a ƙarƙashinta, na danne maɓalli ɗaya na piyanon Iliya da dutse ya yi ta gunji, na sa ƙarar amalanke tana shigowa tana fita. Da na gama na saurara, na san ban taɓa yin abu mai kyansa ba. Na ce wa kaina ai ba mai gane ta, ai wannan ba muryarta ba ce kuma, tawa ce, ni na ƙera ta. Kun ji irin ƙaryar da mutum ke yi wa kansa? Na tura wa Iliya. Bai jima ba ya kira ni, ya ce, “Kai, wane ne wannan tsohon? Ina ka samo shi?” Na ce wani masunci ne a bakin tabki. Ya ce, “In saka mutane su ji?” Na ce ya yi yadda ya ga dama. Don haka kada kowa ya ga laifin Iliya, ya tambaya, ni na ba shi hanya, don ina son a ji, ina son a ce wa ya yi wannan.

Aka kuwa ji. Daga salula zuwa salula, masu cajin waya suna tura wa mutane a katin waya, direbobin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Issa suna sakawa a mota. Wasu suka ce muryar aljani ce aka ɗauka a tabki, har wani ya rantse a shagona cewa ya san wanda ya ɗauka, wai ya haukace. Ina gyaran rediyo ina dariya a ciki. Ina jin daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ranar da maƙwabciyarmu ta shigo da salularta tana cewa, “Ku zo ku ji aljanin tabki!” Inna na tankaɗe a tsakar gida, ni ina wanke hannu a bakin randa. Aka kunna. Murya ta canza, amma kalmomin ba su canza ba, kuma wa ya san kalmomin nan in ba mai su ba? Na ga rariyar ta tsaya a hannunta. Ba ta ɗago ba. Ta ce wa matar, “Kashe, ba kyau jin irin wannan.” Da matar ta fita, Inna ta kalli rumfa, daidai inda nake rataye gwangwanina, sannan ta kalle ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, “Kai wannan. Abin da ka ɗauka a gidan nan, ka tambayi mai shi?” Na durƙusa. Ta ce, “Ban yi maka baki ba, ba kuma zan yi ba. Amma wuri ɗaya ya rage mini a duniya, shi ne tsakar gidan nan in ba kowa. Shi ma ka karɓe.” Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Da ta mare ni da ya fi mini. Tun ranar tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata, amma in za ta zauna a rumfa sai ta ɗaga kai ta duba sama tukuna. Uwata tana duba gidanta kamar gidan baƙi, kuma ni na jawo.

Ban gama da wannan ba sai ga na Baba. Idanunsa sun yi rauni, yana zuwa Maraɗi ganin likita, a motar dawowa ya ji abin. Washegari da hantsi ya kira ni zaure, ya ce in zauna. Ya ce, “Akwai wani abu da yara ke sakawa, wai aljani. Ka ji shi?” Na ce na ji. Ya ce, “Ba aljani ba ne. Ba kuma namiji ba ne.” Na ce, “Baba, ya aka yi ka sani?” Ya ce, “Namiji ba ya jan numfashi a inda wannan ke ja. An dai taɓa muryar ne. Kai da ka san ƙarafan nan, ka cire mini kwaɗin da hayaniyar, ka maido ta yadda Allah ya yi ta. Ina son in ji.” Yana magana yana buga yatsa a gwiwarsa, kuma abin da ya tsorata ni, ba da saurin kiɗana yake bugawa ba. Da saurin da Inna ta rera yake bugawa, na ainihi, wanda ni kaɗai na ji. Na ce aiki ne mai wuya. Ya ce, “Ka gwada. Akwai maganar da na taɓa yi da ƙuruciya, ba na son in mutu ban san inda ta kwana ba.”

Me yake nufi? Wannan tambayar ce ta hana ni zama. Nadama yake yi, yana son ya ji muryar da ya rufe da bakinsa? Ko tabbaci yake nema don ya cika maganarsa? Na kalli fuskarsa har na gaji, ban karanta komai ba. Baba mutum ne da bai taɓa faɗin magana ya janye ba, amma kuma shi ne wanda in Inna ta yi zazzaɓi ba ya iya cin abinci. Wanne daga cikinsu ne ya kira ni zaure? Kullum in na gaishe shi sai ya ce, “Ka yi?” In ce rediyon ta lalace, in ce batir, in ce kaset ya cinye. Ƙarya a kan ƙarya, ga mutumin da bai taɓa yi mini ƙarya ba. Aikin kuwa ba aiki ba ne, kaset na ainihi yana nan, sabon batir kawai zan sa. Na kasa zama a shago, in fita in nufi tabki, kafin in isa in juyo, in kwance rediyon da ba abin da ya same ta in sake ɗaurawa. Na ɗauko kaset ɗin zan ƙone, na kasa, don in na ƙone shi ke nan, babu sauran inda muryar Inna take yadda take. Abin da ya fi ba ni kunya, har yanzu wani ɓangare na zuciyata yana cewa da ma in sake samun wata waƙar. Wane irin ɗa ne ni?

Na yi tunanin in gaya wa Baba gaskiya, in ce laifina ne, ita ba ta san ana ɗauka ba, a cikin gidanta ta yi ba a waje ba. Amma ta ce kada in ƙara taɓa maganar, kuma in na faɗa na sake fitar da sirrinta ba da izininta ba, karo na biyu. In na tambaye ta, na san za ta ce a'a. In na ci gaba da ƙarya, Baba zai iya ba wani mai gyara, kuma duk wanda ya ƙara wa abin gudu zai ji mace ce. Malamai da ke wannan shafi, don Allah ku gaya mini, maganar da ya yi a gaban manya ta hau kanta ko ba ta hau ba, tunda ba ita ta fitar ba? Iyaye mata, in ku ne Inna, me za ku so ɗanku ya yi?

Yau da safe Baba bai ce “ka yi?” ba. Cewa ya yi in an sauko daga Juma'a in kawo rediyon zaure, lalatacciya ko mai rai, mu gwada tare. Inna na bayan ƙofa da kwanon kunu a hannu, ta ji. Ta ajiye masa kunun ta koma ciki.

Juma'a ta kusa. Don girman Allah, me zan yi?