Yarinyar da Ba Ta Ƙirga Mutane

Kai mai karanta waɗannan takardu, musamman ke uwa, ina gargaɗinki tun kafin ki fara: ki kula da abin da bakinki yake faɗa a gaban yaro alhali kina zaton hankalinsa yana kan wasa. Yaro ba ya zubar da magana. Ɗauka yake ya ɓoye, ya yi ta ɗawainiya da ita shi kaɗai. Ni ce Zahra'u ta Sabon Gari, Maraɗi. Na gama kwalej, ɗinki nake a gida. Mijina Maliki ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar ni da ɗiya ɗaya, Khaulat. Ban yarda da saƙon murya na salula ba. Takarda nake rubutawa, kuma ina ajiye kwafi. Ga su nan yadda suka zo, har da waɗanda nake jin kunyarsu.

Maraɗi, 20 ga Mayu

Zuwa ga Maman Khaulat,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ni ce Madam Hadassa, malamar Khaulat a jardan, ajin ƙananan yara kafin aji ɗaya.

Wannan makon muka auna yaran da za su shiga aji ɗaya baɗi. Ba jarrabawa ba ce mai tsanani. Yaro yakan zauna da ni shi kaɗai na ɗan lokaci: ya ƙirga yaran da ke cikin wani hoto, ya ƙirga murafen kwalba, ya nuna mini tarin da ya fi yawa, ya riƙe littafi daidai, ya faɗi haruffan da ya sani, ya gwada rubuta sunansa.

Khaulat ba ta amsa ko ɗaya ba. Na ajiye hoton gabanta, ta mayar da hannuwanta baya, ta sunkuyar da kai, shi ke nan har lokaci ya ƙare. Yadda takardarta take yanzu, direktan makaranta zai ce ta maimaita jardan. Ran sha biyar ga Yuni za a rufe sunaye. Ina so mu yi magana.

Ki huta lafiya,
Madam Hadassa

Sabon Gari, 21 ga Mayu

Zuwa ga Madam Hadassa,

Bayan gaisuwa, na ga takardarki, kuma ban ji daɗinta ba.

Ɗiyata tana ƙirga har hamsin. Ita take ƙirga mini maɓallai idan ina ɗinki, ba ta taɓa kuskure ba. Ta san haruffan sunanta, ni na koya mata a kan allo, kullum bayan la'asar, ba fashi. Abin da kika gani ba rashin sani ba ne, tarbiyya ce. A gidana yaro ba ya kallon babba cikin ido, ba ya ɗaga murya, ba ya tsoma baki sai an nemi bakinsa. Idan ma'auninku yaran da ke hawa kan tebur suna ihu yake ɗauka masu ƙwazo, to ma'aunin ya kamata a gyara, ba ɗiyata ba.

Malaman yanzu kuna son saurin yanke hukunci. Minti goma sha biyar ba su isa a san yaro ba. Ki sake dubawa.

Wassalam,
Zahra'u

Jiratawa, 26 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Maman Khaulat,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina haƙurinmu. Mutanen gida duk suna gaishe ku. Maman Lawali mai zogale za ta miƙa miki wagga takarda, tun da ke ba ki sauraren salula sai mu koma zamanin da. Ita ce kuma ta ba mu labarin lakwal, wato makarantar yarinya, kin san bakinta ba ya kwana da kaya.

Ƙanwata, ki tuna yadda muka yi bayan rasuwar ƙanena Maliki. Dangi sun so a kawo yarinya nan gidan ubanta, ni na tsaya na ce a bar miki ita saboda karatun birni. Yanzu ga karatun ya ce ba ta magana. Ni ban yi mamaki ba. Ran da na zo Sallah, na zauna awa biyu gidanki, ƙarar keken ɗinki kaɗai na ji. Ke ba ki hira, ita ba ta hira, ko kaza ba ku da ita ta yi muku kuka.

Nan akwai yara tara a tsakar gida. Wata ɗaya cikinsu, sai kin roƙe ta ta yi shiru. Idan ba a sa sunanta a aji ɗaya ba, zan taho in ɗauke ta, ta yi lakwal ɗinmu ta nan. Ba ƙiyayya ba ce. Amanar Maliki ce a wuyana.

Yayanki,
Sha'ibu

Sabon Gari, 27 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Sha'ibu,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, a gaida uwargidanka Yaya Samira da yaran.

Ban musa haƙƙinka ba, kuma ba zan yi jayayya da kai a gaban dangi ba. Amma gida mai shiru ba gidan banza ba ne. Yara tara da ba mai tsawata musu ba su ne abin da nake wa ɗiyata fata ba, ka yafe mini wannan maganar.

Abu ɗaya nake roƙo: ka jira har sha biyar ga Yuni. Yaya, tabarma ɗaya muke shimfiɗawa a gidan nan, kwano ɗaya muke ci. Idan ka ɗauke ta ban san wa zan dafa wa abinci ba.

Ƙanwarka,
Zahra'u

Tsibiri, 1 ga Yuni

Zuwa ga Maman Khaulat,

Gaisuwa da fatan alheri. Daga gida nake rubuto miki yau Asabar, don a lakwal ba na samun natsuwa.

Kin yi gaskiya a abu ɗaya: minti goma sha biyar ba su isa ba. Shekarata goma sha ɗaya ina wannan aiki, ina hawa kabu-kabu daga Tsibiri kullum, amma har yanzu yara suna koya mini. Ran Alhamis na sake zama da ita, na juya tsarin. Na fara da murafen kwalba, na kuma kau da kaina gefe don kada ta ji idona a kanta. Ta ƙirga ashirin da uku cikin raɗa, daidai. Ta riƙe littafi yadda ya kamata, ta nuna inda ake fara karatu, ta faɗi haruffa goma sha huɗu. Ta rubuta sunanta, harafi ɗaya ne kawai ya juya baya. Yarinyarki tana cikin na gaba a ajina.

Sai na fito da hoton. Yara bakwai ne suna wasa ƙarƙashin bishiya. Nan take hannuwan suka koma baya. Na tambaye ta a hankali ko ba ta son hoton ne. Sai ta ce: "Idan na ƙirga su, ɗaya zai mutu." Na ce wa ya faɗa mata haka. Ta ce: "Na ƙirga Baba."

Ban ƙara tambayarta komai ba, wannan ba hurumina ba ne. Kuskurena shi ne na fara da hoton ran farko, tsoro ya rufe mata baki a sauran duka. Zan iya cike takardar yanzu da abin da na gani, amma direkta yana son a sake awon a gabansa, kuma hoton yana ciki. Ran Talata sha ɗaya ga wata ne. Ko ba don takarda ba ma, yarinya mai shekara biyar bai kamata ta riƙe irin wannan kaya ba.

Allah ya ba mu hikima,
Hadassa

Sabon Gari, 4 ga Yuni

Zuwa ga Madam Hadassa,

Bayan gaisuwa, da neman gafara a kan takardata ta farko.

Kwana uku takardarki tana cikin aljihun keken ɗinki, na kasa amsawa. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan, don haka ke zan faɗa wa.

Lokacin tana da shekara uku, ta fara koyon ƙirga, komai ta gani sai ta ƙirga. Wata safiya muna shan koko, Maliki yana shirin tafiya kai hatsi, ta miƙa yatsa ta ce Baba ɗaya, Inna biyu, ni uku. Shi dariya ya yi. Ni na buge yatsan, na ce ba a ƙirga mutane. Haka aka yi mini a gidanmu, haka kakata ta yi wa uwata. Ana cewa wanda aka ƙirga ba ya daɗewa a duniya. Ban ma yarda da shi sosai ba, hannuna ne ya riga ni. Bayan kwana biyu motarsu ta kife a hanya.

Wannan ba shi ne laifin ba. Ran sadakar bakwai, mata cike da ɗaki, na ce wa wata maƙwabciya: "Yarinyar nan har ƙirga mu ta yi, ashe sallama ce." Khaulat tana bakin ƙofa tana wasa da marfin tukunya. Na ɗauka ba ta ji ba.

Ni da nake salla, na san ajali na Allah ne, ba ya jiran yatsan kowa. Ni da na yi kimiyya a kwalej. Shekara biyu ina alfahari da shirunta ina kiransa ladabi, ita kuwa tana zaton ita ta kashe ubanta. Muna kwano ɗaya, kowa da nasa kaɗaicin.

Jiya na ajiye ɗinki na zaunar da ita. Ban iya irin wannan magana ba, muryata ta tsawa ce. Na ce mata Allah ne ya kira Baba, tun kafin a haife ta aka rubuta ranar, kuma abin da na faɗa kuskure ne, Inna ma tana kuskure. Ta dube ni cikin ido, karo na farko da ban hana ba. Na ce ta ƙirga mu. Ta girgiza kai. Ban tilasta ba. Zan zo ran Talata, idan direkta ya yarda in zauna a ɗakin.

Na gode,
Zahra'u

Sabon Gari, 13 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Sha'ibu,

Assalamu alaikum, a gaida mutanen gida duka.

An sake awon ran Talata. Da aka zo kan hoton ta tsaya kamar da. Sai na ce ta bar hoton ta fara da ni. Ta ɗaga yatsa ta nuna ni, ta ce ɗaya. Ta nuna Madam, biyu, direkta, uku. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya faɗi ya mutu. Sannan ta ƙirga yaran bakwai. An sa sunanta a aji ɗaya.

Jiya da safe na buɗe ido na same ta durƙushe kusa da ni tana duba ko ina numfashi. Don haka aikin bai ƙare ba.

Maganarka a kan shirun gidana gaskiya ce, ba zan maimaita ba. Idan an yi hutu zan kawo ta Jiratawa mu yi mako guda, tare za mu zo, tare za mu koma. Ka faɗa wa yaran su tsaya a jere, kuma kada wata tsohuwa ta buge mata hannu.

Ga dokar da na kafa a gidan nan, duk wanda ya kwana cikinsa ta hau kansa, har kai. Kowace safiya, ba mai taɓa koko sai Khaulat ta tsaya ta ƙirga mutanen gida da yatsa, da babbar murya, a amsa mata da alhamdu lillahi. Yanzu dai ba ta daɗewa. Ɗaya, biyu.

Ƙanwarka,
Zahra'u