Ni Na Taɓa Wayar Baba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, na gaji. Sati uku ke nan ina ɗauke da wata magana ni kaɗai, kuma kullum ƙara nauyi take.

Mahaifinmu mai gyaran agogo ne, shekara arba'in yana wannan sana'a. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya tafi, magana ma ta tafi. Hankalinsa kuwa garau yake, duk abin da aka faɗa yana ji yana ganewa. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, don haka a wurina yake zaune. Mu uku ne. Yayanmu makanike ne, ni sakatariya ce a wani asibitin haƙori, sai Auta, malamar makaranta. Daga ƙarfe takwas zuwa biyu Baba shi kaɗai ne a gida. Yana iya dogara sanda ya je banɗaki ya dawo, ruwansa da maganinsa da rediyonsa suna kan tebur ta hannun hagu.

To, da yake ba ya magana, sai Yaya ya ƙirƙiro dabara. Ya buɗe mana guruf na saƙo a waya mu huɗu, ya cire komai daga fuskar wayar Baba ya bar wannan kaɗai. Akwai hoton babban yatsa a gefe, da ka taɓa shi ya tafi. In ya aiko ɗaya, lafiya lau. Biyu, wanda ya samu sarari ya leƙo. Uku, a bar komai a taho da gudu. Wata biyu Baba yana koyon wannan da yatsan hagu, yana zufa, har ya gwanance. Wata goma bai taɓa kuskure ba, kuma sau ɗaya tak ya aiko uku, ranar da ya zame a bakin banɗaki. Yaya ya ja mana kunne ya sake ja, cewa kada wanda ya taɓa wayar nan, ko caji za a sa a sa a ajiye.

Ni kuwa Allah ya yi ni da karambanin gyara. Ko fayil ne ya karkace a kan kanta sai na miƙe na daidaita shi. Akwai wani jan ɗigo da ya yi watanni a wayar yana cewa a sabunta manhaja, kullum na zo sa caji sai ya tsone mini ido. Wata Asabar da rana Baba yana gyangyaɗi, na ce kai, bari in raba wayar nan da wannan ƙazanta. Na danna. Ta mutu ta taso, ta sake mutuwa ta taso, kusan awa guda. Da na juyo ashe Baba ya farka yana kallona. Na yi masa murmushi na mayar da ita kan tebur, har ina jin na yi abin kirki.

Anti, garin gyaran gira na rasa ido. Tun ranar wayar ta zama kamar wadda aka ɗora wa buhu. Ka taɓa, sai ta yi shiru tana tunani. Shi kuma Baba ya saba da ya taɓa ya ga hoton ya fita nan take. Da bai gani ba sai ya ɗauka yatsansa ne bai kama ba, ya sake taɓawa, ya kuma sakewa. Can sai ta farfaɗo ta watso uku gaba ɗaya.

Ranar farko Yaya ya fito daga ƙarƙashin mota ya taho da baƙin mai har gwiwar hannu. Auta ta bar 'yan aji a tsaye. Ni na bar marasa lafiya a layi. Muka faɗo ɗaki muna haki, muka tarar da Baba zaune yana jin rediyo, yana kallonmu da mamaki. Aka yi dariya aka watse. Karo na biyu ba a yi dariya ba. Yanzu an yi haka sau shida. Shugabar makarantar Auta ta yi mata kashedi. Yaya ya daina tahowa in uku sun shigo, sai dai ya kira ni ya ce in duba in faɗa masa. Jiya a ƙofar ɗakin Baba, da murya sama, ya ce mu daina yaudarar kanmu, ruɗewar tsufa ce ta fara, tsoho ya daina iya ƙirga uku. Ya ce ƙarshen wata zai karɓe wayar, a nemi likitan ƙwaƙwalwa. Mutumin da unguwa guda take saita agogonta da nasa, yau shi ake cewa bai iya ƙirga uku ba, kuma yana ji.

Ni na san ba shi ba ne. Shi ma ya san na sani. Da na shiga ba shi magani sai ya dubi wayar, ya dube ni, ya kawar da kai. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, to ina bakin? Yau da safe ya tura wayar ƙarƙashin matashi. Har na tashi daga aiki ko ɗaya bai aiko ba.

Na taɓa kai wayar wurin mai gyara a ɓoye, ya ce komawa tsohuwar manhaja ba abu ne mai sauƙi ba, sai dai ya goge komai a gani ko za ta daina nauyin. Na ƙi, don akwai hotunan shagon Baba a ciki. Kuma kin san halin manyan yayye. Yaya bai iya faɗa kaɗan ba, shekara biyar zai yi yana goranta mini, ni kuma wallahi ba ni da ƙarfin wannan yanzu. Ni ce wanki, ni ce girki, ni ce asibiti. In lallaɓa in gyara wayar shiru, maganar ta mutu? Ko in faɗa? Na rasa yadda zan yi.

'Yar Mai Agogo

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki. Bari in fara sauke miki rabin kayan. Sabunta waya ba laifi ba ne, mutane da yawa suna yi kullum, wani lokaci ma wajibi ne. Kuma sananne ne tsohuwar waya ta yi nauyi bayan sabuwar manhaja. Ba ki yi da mugun nufi ba. Shi ma Yayanki kada ki ga baƙinsa. Mutumin da ya baro aikinsa a guje sau da yawa yana zaton zai tarar da mahaifinsa a ƙasa, tsoro ne yake magana da bakinsa. Ya yanke hukunci da abin da ya sani, ke kuma kin riƙe sauran.

A nan ne zan ɗan ja miki kunne. Danna maɓallin kuskure ne, amma shirun sati uku zaɓi ne, kuma Baba ne yake ɗaukar nauyinsa. Ko kin gyara wayar a ɓoye, maganar ruɗewa ta riga ta zauna a ran 'yan'uwanki. Ranar da uku na gaskiya za su fito, wa zai taho da gudu? Wannan ya fi gorin shekara biyar haɗari nesa ba kusa ba.

Don haka yau, ba gobe ba, ki kira su biyun, kuma a ɗakin Baba za a yi maganar, yana zaune. Kada ki yi dogon bayani. Ki ciro wayar daga ƙarƙashin matashin ki miƙa wa Yaya, ki ce ya aiko ɗaya. Makanike ne, da yatsansa ya ji jinkirin zai gane. Sannan ki faɗi abin da kika yi. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi, faɗa ba ya fasa kai. In ya huce ki gaya masa kin gaji, a raba aikin jinyar nan.

Ita wayar, a fara kwashe hotunan shagon a adana a wani wuri. A goge manhajojin da ba a amfani da su, a rage tarkacen da ya cika ma'ajiyarta, a sabunta ita manhajar saƙon ma, a kashe wayar a kunna. Mai gyara ya duba batir. Wayoyi da yawa suna da saiti don masu larurar hannu, wanda ke sa su yi watsi da taɓawa ta biyu in ta biyo da sauri, ku nema. Goge komai ya zama dabarar ƙarshe. Kafin ta daidaita, kada a bar Baba shi kaɗai ba hanyar kira, ko da ƙararrawa ce zuwa gidan maƙwabta. Kuma ku daina dogara da ƙirge. Lafiya ta samu hotonta, gaggawa ta samu nata daban, nesa da juna, yadda ko an taɓa sau goma ma'anar ba za ta canza ba. Ku tambayi Baba wane hoto yake so, zai nuna muku.

Abu na ƙarshe shi ne mafi girma. Ki durƙusa ki ba shi haƙuri a gaban yayanki da ƙanwarki, ki faɗa da bakinki cewa ƙirgensa daidai yake, bai taɓa kuskure ba. Sati uku yana jiran wanda zai faɗi wannan a madadinsa, kuma ke kaɗai kika sani. Ki karɓi wayar daga hannun Yaya ki sa wa Baba a hannun hagu.

Allah ya ba Baba lafiya, ya haɗa kanku, ya sa gobe da safe ku ga ɗaya ya shigo.