Fitila ta Bakwai a Gonar Baba

Jiratawa, Litinin

Tahira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, don tattasan Baba dai ba shi da ita. Tunda ba kya ɗaga waya, ga takarda ta hannun mai kabu-kabu.

Sau biyu ke nan ana sakin ruwa ana tsallake gonarmu. Na tare mai buɗe ruwa, ya ce na'ura ba ta ba shi sunan gonarmu ba. Ke kika tsara wa koperatif abin nan, har Baba yana fariya da ke a masallaci. Tattasan nan shi ya dasa da hannunsa kafin ya kwanta ciwon ajali, yanzu ganye ya fara nannaɗewa. Raina a ɓace yake. Ki gyara shirmenki kafin Alhamis.

Inna tana gaishe ki. Wassalam.

Yayanki, Maliki

Sabon Gari, Maraɗi, Talata

Yaya Maliki,

Wa alaikumus salam. Ya Inna, ya ƙarin haƙuri? Kalmar shirme ta ƙona ni, amma bari in yi bayani.

Akwatin na'urar da ke bakin famfo ƙarami ne, rezo kuma, wato sabis ɗin waya, ka san halinsa. Shi ya sa kowace gona lamba ɗaya tak na ba ta, okte muke ce mata. A cikinta akwai bit takwas, ka ɗauke su kamar fitilu takwas a jere, kowace ko a kunne ko a kashe. Ta farko an shuka, ta biyu an yi dashe, har zuwa ta bakwai, wato gona tana hutu. Wadda ke hutu ba a ba ta ruwa. Na duba, ta bakwai a kunne take a gonar Baba, kuma ba ni na kunna ba. Ka nemi mai hannun a biro, ofishin koperatif, ka daina zagina a takarda.

Allah ya ji ƙan Baba.

Ƙanwarka, Tahira

Jiratawa, Talata da la'asar

Tahira,

Sallama. Na sami Maman Lawali, sakataren koperatif. Bai musa ba. Cewa ya yi, "Malam Maliki, in mutum ya rasu tilas in sa alama har magada su daidaita. Na tambayi ɗiyar tamu Tahira wurin sa alamar, ta ce takwas sun cika, babu ƙari. Ni ko na ga ta hutun ga babu mai taɓa ta, sai na ara."

Gaskiyarsa. A nan kika girma, wa kika taɓa gani ya bar gonar ruwa ta huta? Kin ware wa hutu fitila, mutuwa kuwa kin hana ta wuri. Manoman cikin na'urarki ba sa mutuwa ne? Albasar Hadassa, matar marigayi Irmiya, haka ta bushe wancan watan, tana ta cewa iri ne ba kyau.

Ki huta lafiya.

Maliki

Maraɗi, Laraba

Yaya,

Barka da yini. Ka gaya wa Maman Lawali fitila ba tabarma ba ce da za a ara a mayar. Da ya faɗa mini abin da zai yi, da ban bari ba. Ina fushi da shi, ina fushi da kai, na kaina ya fi.

Na kashe ta bakwai a gonarmu da ta Hadassa, gobe ruwa zai zo. Na ƙara okte na biyu, fitila ta tara ita ce mai gona ya rasu. Ta Irmiya na kunna. Da na zo kan sunan Baba sai na rufe odinater, kwamfutar tawa, na fita. Ka ce wa Maman Lawali ya kunna ta Baba.

A gaida Inna.

Tahira

Jiratawa, Alhamis

Tahira,

Salamu alaikum. Ruwa ya zo. Fangali huɗu na gabas sun tafi, sauran sun miƙe. Hadassa ta ce ki zo ki yi mata bayani da bakinki.

Fitila ta taran Baba kuwa na hana Maman Lawali ya taɓa. Ubanki ne, ke za ki kunna ta.

Allah ya ba mu haƙuri.

Yayanki, Maliki