Manoman da Ba a Samu Ba

Kuala Lumpur, Talata, 14 ga Janairu, 2025, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya Mairama,

Assalamu alaikum. Yanzun nan na fito daga ofishin malamar da ke duba aikina. Yaya Inna da ciwon ƙafa? Yaya yara da mutanen Zuru? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya yi mini wuya. Kada ki faɗa wa Inna.

Kin san bincikena a kan manoman dawa ne na ƙauyen Kawu Mode, bayan Bena. A ƙa'ida, dukkansu su ne jama'ar bincike, arba'in ɗin da na zaɓa in yi wa tambayoyi kuma su ne samfuri. Hasashena shi ne rumbun ƙasa ya fi buhu adana hatsi. Tun da 'yan bindiga suka tashi garin, wayar mutum uku kaɗai ke shiga. Malama ta ce uku ba samfuri ba ne, in sauya ƙauye kafin Maris ko aikin ya rushe. Waɗanda ba a samu ba kuma in sa su a iyakokin bincike, wato sashen da ake rubuta abin da aikin ya kasa kaiwa gare shi, sakin layi ɗaya ya isa. Na zauna in rubuta, na kasa.

Don Allah ranar kasuwa ki tambayar mini masu zuwa daga Bena labarin Kawu da mutanen ƙauyen. Allah ya saka da alheri.

Har yanzu ban sani ba ko rumbunan suna tsaye, ko an girbe dawar bara, ko Kawu yana Zuru, ko yana Kanya, ko yana raye.

Ƙanenki,
Suhaibu