Tuwon da aka dawo mini da shi

Unguwar Zariya, Maraɗi

Zuwa ga Yaya Maliki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Agadas. Allah ya ƙara lafiya, ya karɓi ibadarmu ta azumi. Mu nan lafiya lau, sai kewar ƙanenka Malam da ba ta barin gidan. Allah ya jiƙansa.

Yaya, sai da aka kira magariba na gane abin da ya faru, har na yi dariya, karo na farko tun rasuwar Malam. Ka tuna tafiyar da ya yi Gana, da aka kai malamai da fastoci su ga yadda ake zaman tare a makarantun Tamale? To, mutanen can sun maido ziyara cikin azumi, suka ce sai sun zo yi mini ta'aziyya. Cikinsu akwai wata dattijiya Kirista, Madam Ajuwa, mai jin Hausar zangon Gana. Na ce baƙin Malam ba za su zauna da yunwa don muna azumi ba. Da bakina a bushe na tuƙa tuwo tsakar rana, na yi kwaɗon zogalen lambunsa na Jiratawa, na aika musu zaure. Sai ga kwanuka sun dawo, ko murfi ba a ɗaga ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, ina cewa da mai gidan yana raye da ba a raina girkina ba.

Ana kiran salla sai ga Madam ta shigo, ta zauna kan tabarmata, ta tambayi ina tuwon nan. Ashe su ma azuminsu suke, bana ya haɗu da namu, kuma sun yi niyyar shan ruwa tare da mu. Ta ce tun rana ƙamshin yake azabtar da ita. Ta ce a gidanta Malam ya sauka a Tamale, ita ke dafa masa sahur, shi kuma kullum yana cika baki da zogalen matarsa har ta gaji da ji. Ta cinye kwano, ta ce bai yi ƙarya ba. Ni ban taɓa sanin yana yabona a waje ba. Alheri danƙo ne, Yaya, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Washegari 'yarmu Tahira ta raka su Tibiri, suka gaida tsoho Maidawa mai bin al'adar kakanni, wanda Malam ba ya wuce ƙofarsa bai tsaya ba. Daga nan suka je Jiratawa a kan baburan kabu-kabu, Madam na riƙe da rigar direba tana ihu. Tahira ce ta yi musu tafinta, ta kuma nuna musu ajinta a lakwal, wato makarantar boko.

Ga maganar. Sun ce kujerar Malam a ziyara mai zuwa Tahira suke so ta hau, ta ga makarantunsu, ta sauka ɗakin da ubanta ya kwana. Ni na yarda da matar nan, mun ci a kwano ɗaya. Amma kai ne uba yanzu, kuma Tahira ta ce ba ta taka ko'ina sai da yawunka. Idan amsa ta makara, wani za a ba.

Ka gaida Yaya Tasalla da Shamsu, da ƙaramin Zakariya'u. Tahira na gaishe ku, ta riga ta shanya zogalen da za ta kai wa Madam. Fasfo ne ba mu nema ba, muna jiran kalmarka.

Taka ƙanwa,
Halimatussa'adiya