Macizan Goggo Velma

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai tarin yawa daga Arizona. Ya ƙafar taki? Ya ɗan'uwana Lyle da matarsa?

Ni lafiyata ƙalau, har hutu nake samu. Tun da aka buɗe sabon titi can bayan tsauni, motocin da ke bin titinmu, Hanya 66, sun koma can, sai iska ke karanta allunan da na kafa: "Ruwan ƙanƙara kyauta, ga macizai masu rai." Amma Goggo Velma, tsohuwar da nake wa aiki a gidan manta, kullum da safe sai ta cika randa da ƙanƙara, ta sa jan-baki, ta zauna bakin famfon mai.

Jiya mota ɗaya ta tsaya. Mutumin ɓata ya yi, sabon titi yake nema. Kin san bakina, sai da yaransa suka ga macizai, matarsa ta sayi bargo, kafin na tuna hanyar. Goggo ta ce, "Ka gani, ja'iri? Matafiya sun fara dawowa." Na ce, "Sosai, Goggo."

Mama, ki ce wa Lyle kada ya bar aikinsa na injin fulawa. Kiran da na yi masa bara cewa ya zo nan aiki, ki ce ya manta da shi. Ni ma zan dawo, amma ba bana ba. Goggo tsoron macizan take, in na tafi babu mai ba su abinci, ita ma babu mai ce mata "sosai".

Allah ya ƙara miki lafiya. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Orval